Ranar da Karen Saja Ya Tsallake Kwata

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina gyaran keke a Unguwar Boro, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin hanyar da ta gangara gonaki. Lokacin unguwar ba ta cika ba. Gida nan, kango can, sauran fili duk masara ce da rogo. Daga Tudun Wada na kwaso iyalina muka tsallako gada, don a can masu faci sun kusa fin kekunan yawa.

Ni mutum ne mai waswasi, tun ina yaro. Idan na ɗaure noti sai na koma na taɓa shi. Idan na yi faci na tsoma tib a ruwa ban ga kumfa ba, sai na sake tsomawa. Mutum ya hau kekensa ya tafi harkarsa, ni kuwa in wuni ina tunanin ko na ɗaure masa birki sosai. Wajen alwala abin ya fi tsanani. Limaminmu ya sha yi mini faɗa, yana cewa ruwan da nake ƙararwa ya ishi sahu guda.

Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu, tsohon soja ne mutumin Binuwai, Kirista. A wannan shekarar ya ajiye kaki. Kowa Saja yake ce masa. Da safe yakan leƙo rumfata ya ƙame, ya sara mini.

"Ranka ya daɗe, farar hula! Yanzu ku ne gwamnati. Yau sau nawa gwamnati ta yi alwala?"

"Oga Saja, ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Me ya dame ka? Kai ai ko babu damuwa sai ka je kasuwa ka sayo."

'Ya'yansa duk sun girma sun watse. Daga shi sai matarsa, wadda muke kira Madam, sai kare. Karen ja ne, mai dogayen ƙafafu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Tun yana ɗan kwikwiyo Saja ya ɗauko shi a bariki. Sunan da yake kiransa na Turanci ne, ban taɓa iya faɗinsa daidai ba. Idan ya ce zauna, sai ya zauna. Idan ya ce tsaya, ko nama aka jefa gabansa ba ya motsi. Madam takan ce da ya rasa kuratan da zai yi wa tsawa, sai ya ɗauki kare aikin soja.

Ni dai nesa-nesa nake da shi. Liman ya taɓa gaya mini cewa a wajen malamanmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kwanon da ya sa baki ne ake wankewa. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta karɓa ba. Idan jelarsa ta shafi wandona, sai na canja shi kafin azahar.

Gwiwoyin Saja sun gaji da fareti, ba ya iya gudu. Amma bai yarda safiya ta wuce babu motsa jiki ba. Sai na haɗa masa wani tsohon keke, ya riƙa ɗaura sarƙar karen a hannun keken, shi yana tuƙi, kare yana gudu a gefe. Su gangara har bakin gonaki, su zagaya filin makaranta, su dawo. Dab da rumfata akwai wata kwata ta siminti, mai faɗi, wadda aka fara ginawa aka bari. Nan ne ƙarshen atisayen. Saja ya kwance sarƙa daga keken, ya daka tsawa, kare ya taho a guje ya tsallake. Kullum haka, ina zaune ina kallo.

Da yake ido ba ya barina in huta, ni na fara lura da wani abu. Idan karen ya kwanta ya daɗe, wajen tashi sai ya ɗan ɗage ƙafar baya ta hagu, ya yi taku kaɗan yana ɗingishi, sannan ya ware. Idan ya zauna kuma ba ya naɗe ta kamar ɗayar, sai ya miƙe ta gefe. Na yi ta juya maganar a raina, ina tsoron a ce na shiga abin da ba nawa ba. Daga baya na faɗa.

"Oga Saja, ƙafar karen nan ba daidai take ba. Da ka bar shi ya huta."

Ya yi dariya har da dafa bishiya. "Malam, kai ko sauro ka ji ya yi tari sai ka ce a kai shi asibiti. A bariki idan kurtu ya ce ƙafa na ciwo, gudu muke ƙara masa. In gumi ya fito, ciwo ya bi shi. Hutu ne ke kashe ƙafa."

Na ce to. Shi ya yi soja, ni ban yi ba.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa kafin asuba. Ƙasa ta jiƙe, bakin kwatar ya yi santsi da gansakuka. Ina shimfiɗa kayan aikina na hango su sun taho. Karen lafiyarsa ƙalau, harshe waje, yana haki, bakinsa da farar kumfa irin wadda kullum yake dawowa da ita in ya sha gudu. Har ya dube ni ya kaɗa jela. Saja ya kwance sarƙa ya yi tsawarsa. Kare ya taho, ya tashi sama, ya dira a ɗaya gefen. Ƙafafun gaba suka kama ƙasa. Ta bayan ta hagu ta sauka a kan simintin, ta zame, jikinsa ya juya ita ba ta juya ba.

Ban taɓa jin kare ya yi irin wannan ƙara ba. Ba haushi ba ne. Siririya ce, mai tsawo, kamar ta jariri. Ya faɗi, ya tashi da ƙafa uku, ɗayar a rataye tana rawa.

"Oya, tashi! Taho!" in ji Saja. Ya kama sarƙar ya ja. Karen ya yi ƙoƙari ya bi umarni, ya yi tsalle ɗaya, ya sake zubewa.

Na ce, "Oga Saja, kada ka ja shi!"

"Jijiya ce ta hau. Yanzu zan sauke ta."

Ya durƙusa ya kama ƙafar da hannu biyu, ya fizge ta ya miƙar da ƙarfi, yadda suke yi wa kurtun da jijiya ta ɗaure wa a fili. Kafin in rufe baki karen ya juyo ya kafa masa haƙora a hannun dama. Cizo ɗaya ne. Nan take ya saki, ya kwantar da kunnuwa, ya manna haɓarsa a ƙasa yana kallon ubangidansa. Jini ya fara zuba a kan siminti.

Lokacin mata sun fito za su kasuwa, ma'aikatan masaƙa kuma suna jiran mota zuwa Kakuri. Ba su ga tsallen ba. Abin da suka gani shi ne kare da kumfa a baki, yana birgima, ya ciji mai shi. Wata ta ajiye kwandonta ta kurma ihu.

"Kare ya haukace! Jama'a, mahaukacin kare!"

Kafin ka ce me, an fara tsintar duwatsu. Ban san lokacin da na tashi ba, sai na gan ni tsaye a tsakiya da famfon keke a hannu, ina cewa faɗuwa ya yi, a gabana ya faɗi, ƙafarsa ce. Babu mai saurarona. Saja ne ya miƙe, jini na bin gwiwar hannunsa, ya yi irin muryar da ya bari a bariki.

"Duk wanda ya jefe shi, ni da shi ne!"

Aka zubar da duwatsun, amma ba a bar maganar ba.

Akwai wani mai kemis, Inyamuri, da ke zuwa daga Sabon Tasha ya buɗe shago a unguwarmu. Shi ya wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, ya ɗaure. Ya ce wa Saja ya tafi asibiti a yi masa allura, yau ba gobe ba. Karen kuma a ɗaure shi wuri guda a zuba masa ido. In yana ci yana sha, ya kuma san mutanensa har kwanaki suka wuce, to ba hauka ba ce.

Madam ta ce ba dai a gidanta ba. Tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu, idonta ya yi ja.

"Abin da ya ciji wanda ya raine shi, ni me zai yi mini? Ku kai shi duk inda za ku kai shi."

A bayan rumfata akwai kangon wani Alhaji da ke zaune cikin gari, ni nake duba masa. Ɗaki ɗaya an rufa masa kwano. Na ji bakina ya ce a kai shi can. Muka shimfiɗa buhu a baro, Saja ya lallaɓa karen da hannu ɗaya ya hau, ni na tura. Muka jingina wani tsohon kwanon rufi a ƙofar, na ɗaure da waya.

Saja bai je asibiti ba. Ya ce harsashi ma ya shafe shi a daji bai kwanta ba, balle haƙorin karensa. Ya sayi kafso ya haɗiya. Madam kuma ta kafa ta tsare, ta hana shi zuwa kangon. Saboda haka ciyar da karen ya dawo kaina.

Ba zan ɓoye wahalar da na sha da zuciyata ba. Na yanka wata tsohuwar jarka ta zama kwanon ruwa. Na ware riga da wando na shiga kango kawai, na rataye su a ƙusa. Da farko da sanda nake tura masa tuwon da ya kwana. In na fito in wanke hannu da ƙasa da ruwa, in dawo rumfa, in sake tashi in wanke. Kuma kowane shiga sai na tsaya na ƙare masa kallo, ina neman alamar da ake faɗa: ko zai guji ruwa, ko idonsa zai juye, ko zai ciji sarƙa.

Babu ko ɗaya. Yana ganin ruwa yake jan jiki ya sha har ya lashe gindin jarkar. Gwiwar ce ta kumbura ta yi kamar ƙwallon mangwaro. In ya tashi, kan yatsun kawai yake ɗan taɓa ƙasa da su, ya ɗage. In ya ji ƙarar keke a hanya sai ya daina ci, ya ɗaga kunnen nan ɗaya, ya zuba wa ƙofa ido har ƙarar ta wuce. Wata safiya na manta sandar a rumfa. Na ajiye masa abincin da hannuna, ya sa hanci ya shinshina yatsuna. Hancin da sanyi. Na yi wanki ranar, amma ban koma ɗaukar sandar ba.

Kullum nakan leƙa ta katanga in ba Saja labari. "Ya ci. Ya sha. Ya san ni."

"Na gaya musu," yakan ce. "Sojana ne."

Sai hannun Saja ya fara kumbura. Yatsun suka yi suntum, ja ya haura zuwa gwiwar hannu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Wata maƙwabciya ta ce ta ji yana sambatu. Kafin la'asar labari ya zama wai an ji yana gurnani. Madam ta aika ƙauyen Kakau a kira yayanta.

Washegari da hantsi ya iso, shi da wasu maza biyu. Dattijo ne, manomi, kuma maharbi, siriri mai furfura, ba mai hayaniya ba. Ya gaishe ni da ladabi ya zauna a bencin rumfata. Madam na tsaye bayansa. Mutane suka fara taruwa.

Abin da ya zo da shi kowa ya san shi. In mahaukacin kare ya ciji mutum, sai a kashe karen, a gasa hantarsa a ba wanda aka ciza ya ci, a ƙona gashinsa a shafa tokar a ciwon. In karen ya mutu da kansa kafin a yi, an makara. Ba mutanen Kakau kaɗai ba, matata ma da na gaya mata ta ce a garinsu haka ake yi, kakarta ta taɓa gani.

"Malam, an ce kai ne ka ga komai," in ji dattijon.

Na ce ni ne, Baba. Na ba shi labari tun daga ɗingishin farko har zuwa santsin kwata. Na ce kumfar nan ta gudu ce, kullum da ita yake dawowa. Na ce ko ni aka fizgi ƙafata a wannan hali zan iya cizo. Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Na ce yau da safe ma ya shanye ruwansa, a zo a gani.

Ya gyaɗa kai. "Na ji. Kai mai salla ne, an ce ba ka ƙarya. Za ka iya rantsewa babu hauka a jikin karen nan?"

Na ce, "Zan rantse a kan abin da idona ya gani. Ya faɗi, ya ji ciwo, yana ci, yana sha, ya san mutane. Abin da ke cikin jininsa kuwa, Allah kaɗai ya sani."

"To ka gani," ya ce a hankali. "Kai ma ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. In muka yanka muka yi kuskure, kare ne ya tafi. In muka jira muka yi kuskure, mutum ne zai mutu yana haushi. Na taɓa ganin irin mutuwar nan, Malam. Da igiya aka ɗaure shi."

Na ce mai kemis ya ce a jira, ya ce a kai Saja asibiti.

Madam ta katse ni. "Malam mai faci, in mijina ya mutu, kai za ka riƙe ni? Ko mai kemis ne zai riƙe ni? Kai naka kallo ne ta katanga. Ni nake kwana da zafin jikinsa."

Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne, kuma ni na san tsoro fiye da kowa a wurin. Abin da na iya cewa shi ne kare na da mai shi, a tambaye shi.

Muka shiga. Saja na kwance a tabarma an lulluɓe shi da bargon soja, yana rawar sanyi, hannun a kan matashi. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Ya ci?"

"Ya ci, Oga Saja."

Madam ta durƙusa ta kama ƙafafunsa tana kuka, tana magana da yarensu. Ban ji abin da take cewa ba, amma na ji tana kiran 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya juya fuskarsa bango.

"Ku yi abin da za ku yi," ya ce.

Kangon ba shi da makulli, waya ce kawai. Dattijon da mutanensa suka kwance ta. Ina tsaye daga nesa na hango karen ta ƙofar. Ya ɗauka abinci ne. Ya tashi da ƙafa uku yana kaɗa jela. Na juya na koma rumfa, na ɗauki wata taya da babu abin da ya same ta na fara ba ta iska. Duk da haka na ji. Ba a daɗe ba.

Bayan an gama, dattijon ya zo ya roƙi ruwa a butata ya wanke hannu. Ya ce, kamar mai ba ni haƙuri, "Na duba gwiwar. Jijiyar ciki ta tsinke, ruwa ya taru. Ko an bar shi, ba zai ƙara gudu ba."

Na ce, "Haukar fa, Baba?"

"Ita ba a ganinta da ido."

Saja ya ci hantar. An ce da ƙyar ya haɗiye. Aka shafa tokar a ciwon. Da gari ya waye hannun ya fi jiya muni, har wari ya fara. Mai kemis ya zo ya gani, ya yi ta faɗa da Turanci da Hausa a haɗe, ya tsayar da tasi da kansa, muka ɗora Saja. A asibiti suka tsaga hannun suka matse mugunya, suka yi ta yi masa allurai. Ya kwanta can har ya warke. Yatsu biyu dai ba su ƙara lanƙwashewa ba.

Da ya dawo, unguwa ta yi ta zuwa barka. Abin da kowa ke faɗa shi ne hanta ta yi aiki, Allah ya sa an yi da wuri. Na ce wa mutum biyu ko uku ba haka ba ne, suka ce to ga shi bai yi haushi ba, me nake so kuma? Ba ni da abin da zan nuna musu. Wanda zai nuna gaskiyar, da a ce an bar shi ya ƙara kwanaki yana shan ruwansa, an riga an cinye hantarsa. Shekaru bayan nan, duk lokacin da kare ya ciji wani a unguwar, sai ka ji an ce a yi yadda aka yi wa Saja.

Tambayar dattijon ba ta bar ni ba. Na sha juya ta ina aiki. Amsar da na ba shi ita zan sake bayarwa ko yau, don ba zan rantse a kan abin da ban sani ba. Amma ba ta taɓa ba ni natsuwa ba.

Ana cikin kaka Saja ya turo kekensa rumfata. Tayoyin sun sace, sarƙar karen na naɗe a hannun keken ta fara tsatsa. Bai ƙame ba, bai sara mini ba. Ya zauna a benci.

"Malam, ranar nan, kafin ya yi tsallen, lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Har jela ya kaɗa mini."

"Sai ɗingishin da ka gaya mini."

Na ci gaba da goge sifanar kwance noti da ke hannuna.

"Da suka buɗe ƙofar, ya yi musu faɗa?"

Na so in ce ban gani ba. Na ce, "A'a. Tashi ya yi."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza yatsun nan biyu da ɗaya hannun. Sannan ya ce in kwance sarƙar, keken kuma in ba duk wanda nake so. Na kwance na miƙa masa, bai karɓa ba. Na rasa inda zan sa ta, sai na rataye ta a ƙusar da kayan shiga kango suke.

Daga ranar, kusan kowace safiya yakan zo ya zauna a rumfata har rana ta ɗaga. Ba ya yawan magana. Bencin yana fuskantar hanya ne, amma shi sai ya zauna a ƙarshensa, ya ba kwatar baya.